Jarkoki Bakwai

A Marwa famfo ba ya sallama in zai tafi.
Ya yi tari biyu, ya huro iska, shi ke nan.

Shi ya sa Goggo Asta ta jera jarkoki bakwai
ƙarƙashin gado, inda rana ba ta leƙawa,
ta rubuta ranar cikawa da gawayi a bango.
Randa kuwa, faifai a baki, dutse a kai.

Bakari ya ce, "Goggo, yaƙi za a yi?"
Ta ce, "Wanke hannu kafin ka taɓa moɗa."

Yau kwana tara.
Maƙwabta na tonon yashi a Mayo Kaliyawo.
Mun buɗe ta biyar.
Ta shida, in ji Goggo,
ta mai jegon gidan Sali ce.