Layi na Biyu

Kwana tara da rasuwar Baba
na ɗauki 'yar wayarsa mai madannai,
wadda ya ɗaure bayanta da roba,
na hau kabu-kabu zuwa rumfar Lawali a Gawon Nama.

Ya ɓare ta kamar gyaɗa.
Sim ɗin tsoho ne, mai faɗi,
sai da ya sa almakashi ya rage masa gefe.
Na kau da kai.
Ya soka 'yar allura a haƙarƙarin wayata,
ɗan faranti ya leƙo,
gurbi biyu, ɗaya da mai shi, ɗaya fayau.
Ya kwantar da na Baba kusa da nawa, ya tura.

"Wane suna za a sa ma wanga?"
Na farko na ce a rubuta Kulu.
Na biyu bakina ya yi nauyi,
har ya rubuta Malam Arzika da kansa.
Duk wanda ya taɓa sayen albasa a Ramin Kura ya san shi.

Muka raba musu aiki.
Data a kan nawa, Baba bai taɓa sanin amfaninta ba.
Saƙo a kan nawa.
Kira kuwa, na ce a bar waya ta riƙa tambayata.
Nawa aka ba shi kiɗa,
nasa ƙararrawa zalla, irin ta keken mai biredi.

Sandunan sabis suka tsaya a goshin waya, sahu biyu.
A ɗakin Inna, inda nawa ke sumewa,
nasa yana nan da sanda huɗu.

Kafin la'asar ƙararrawa ta fara.
Nomau ne daga Wurno:
buhu goma sha biyu na hanya, a faɗa wa Malam.
Na faɗa masa abin da ke nan.
Ya yi salati, ya yi shiru,
katinsa na ƙonewa, bai kashe ba.
Wata tsohuwa daga Illela ta ce Baba na bin ta dubu takwas.
Ba a rubuta a ko'ina ba. Ta aiko.
Wani ya ce shi ke bin Baba,
na ce ya zo gida da shaida.
Har yau yana hanya.

Da dare na buɗe sunayen da ke cikin layin.
Mai Taki. Direba Gajere. Liman.
Mai Taki na Gaskiya.
Kar a Ɗauka.
Na nemi Kulu, babu.
Na danna lambata da hannu,
sai ga ta ta fito da sunan da ya ba ta: Uwata.

Lawali ya ja mini kunne,
layin da aka bari zaune, kamfani ya karɓe ya sayar.
Ba na son wani yaro a Kalaba
ya amsa sallamar mutanen Wurno.
Duk Juma'a nakan sa masa katin ɗari biyu,
in kira Inna da shi daga tsakar gida.
Takan ga sunan, ta bar shi ya yi ta ƙara,
sai ya kusa tsinkewa ta ɗauka.

Jiya aka ɗauke wuta, zafi ya hana barci.
Na danna lambarsa.
Waya ta tambaye ni: da wane layi?
Na ce da Kulu.
Wata murya ta ce ba a samun mai wannan lamba yanzu,
a sake gwadawa an jima.

Da safe na kai ƙara wajen Lawali.
Bai ko ɗago kai daga wayar da yake gyara ba.
"Ba lalacewa ta yi ba," in ji shi.
"Haka mai sim biyu take.
In ɗaya na magana, ɗayan shiru yake yi."