Kowane Kaya da Makwancinsa

Na tsaya tsakiyar sabon sito a Mersin,
daga ni sai amsa-kuwwa da warin siminti.
Can tashar ruwa jirgi ya yi gunji sau biyu.
Injiniya Tolga ya shimfiɗa takardarsa a kan ganga,
ya ce, Nurten Hanım, lissafo mini kayanki,
in faɗa miki ƙarfen da zai ɗauke su.

Na ce, ɗana, ba haka ake tambaya ba.
Tambaye ni wanne ne mai haƙuri,
wanne ne mai gajeren kwana.

Lemon tsami da ɓaure ba su san jira ba.
Wanda ya riga shiga shi zai riga fita,
in ba haka ba, rabon juji ne.
Sai ya zana kanta mai gangara, cikinta ƙananan tayoyi:
a ɗora ta baya, kaya ya silalo gaba da kansa
kamar layin masu sayen burodi da asuba,
ba mai tsallake wani.
Da ya faɗi kuɗinta
na nemi wurin zama.

Ya ce akwai mai rahusa, mai zurfi kamar rijiya a kwance,
mota mai ƙaho ta shige har ƙurya,
ta ajiye, ta fito da baya-baya.
Na ce bari, na san ta.
Shekara tara ke nan, a tsohon siton babana,
kwali ɗari huɗu na tumatirin gwangwani
suka shige ƙuryar irinta.
Sabo ya rufe tsoho, wani sabon ya rufe wannan,
ranar da muka tono su
kowane gwangwani ya kumbura kumatu yana fushi da mu.
Baba bai ce uffan ba.
Kwana uku shayinsa na hucewa a kofi.
Wannan a bar wa gishiri da sabulu,
masu shekara a duhu fuska ba ta sake ba.

Bututun ban-ruwa fa, mita shida-shida,
ba su iya durƙuso ba.
Su sai mai hannuwa a miƙe, ba ginshiƙi a gaba,
kamar mai karɓar jariri.

Nan Cevdet direba ya leƙo ta kafaɗarmu,
shekara talatin yana juya mota mai ƙaho,
ya ɗora yatsa mai baƙin mai a kan zanen:
Wannan hanya ce ko kafar allura?
Motata ba ta iya karatu ba,
ƙugunta kawai ta sani.
Tolga ya goge layi ɗaya yana tsaki.
Gurbin kaya sittin ya tafi ke nan,
na ji kamar an cire mini haƙori,
amma gara haƙori da ginshiƙi a karye.

Noti da kusoshi, ƙananan banza masu ɓata yini,
a kwanduna shuɗɗa, daidai ƙugun Şükran,
don gwiwarta ta daina yarda da tsani.

Ban manta ba, ƙasar nan takan motsa cikin barcinta.
Na ce kowace ƙafa a ɗaure ta da daɓe,
ƙusa huɗu, ba biyu ba.
Man zaitun mai nauyi ya kwana ƙasa,
auduga ta hau sama ta yi sarautarta.
Ya ce zai ƙara kuɗi.
Na ce na taɓa jin ƙarar kwalba dubu a daƙiƙa ɗaya.

Magariba ta same mu muna jan alli a ƙasa.
Kusurwar gabas ta rage ba zane.
Tolga ya ce asara ce, mita arba'in a banza.
Na ce bar ta.
Ban san abin da jirgin baɗi zai kawo ba,
ba na yanka wa baƙo riga kafin in ga kafaɗarsa.

Ya naɗe takarda. Cevdet ya tafi nemo shayi.
Na duba tafin hannuna, fari fat da alli,
na shafa a siket, bai fita ba.