Mabuɗin da Ba Ya Juyawa

Ƙarfe uku na dare a Basel.
Taragon ƙarshe ya daɗe da wucewa,
kogin Rhine na tafiyarsa ba ruwansa da kowa,
ni kuwa, Ursina Caduff, ido biyu,
wai ni ce mai ƙera wa mutane barci.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan aike,
oreksin sunansa, bai san gajiya ba.
Ƙofa biyu yake ƙwanƙwasawa,
da an buɗe masa gari ya waye, ko da tsakar dare ne.
Aikina in sassaƙa mabuɗin da zai shige kuba,
ya zauna daram, ya ƙi juyawa,
ɗan aike ya zo ya tarar an riga shi.

Na ɗari huɗu da sha biyu ya manne kamar kaska.
Muka yi tsalle, Gieri har da sayo cakulan.
Ashe hanta na laɓe:
kafin awa guda ta tauna shi ta tofar.
Na toshe inda take cizo da ƙwayar fulorin ɗaya tak,
sai ya zama baƙon da ba ya jin habaici,
ɓerayenmu suka yi ta minshari har rana tsaka.
Garin neman gira, ga ido zai tafi.

Na bayansa ya narke lafiya, ya bi jini,
ya kai katangar ƙwaƙwalwa,
masu gadi suka wurgo shi waje.
Na rage masa ƙiba. Na lanƙwasa masa zobe.
Na yanke wutsiya, bayan wata uku na mayar da ita.

Mahaifiyata na can kan duwatsun Surselva.
Tun da muka binne Baba
take ƙirga ƙararrawar coci, ɗaya, biyu, har biyar,
sannan ta ɗora gahawa, ba ta runtsa ba.
Ba ta son abin da zai kayar da ita kamar gungume.
"Wanda zai zo da sanɗa nake so," in ji ta,
"ya tafi kafin shanu su nemi tatsa."

Ga na ɗari tara da tamanin da bakwai a gindin kwalba,
farin gari, bai kai gishirin miya ba.
Na rubuta lambarsa. Ban yi masa kirari ba,
na daina tun shekara ta biyu.

Na kashe fitila, na hau keke.
A bakin gada masu burodi sun kunna tanda,
sai hamma ta kama ni.