Ruwan da ke Barci a Farin Gari

Aikina awo ne, a Ilupeju, kwanan dare.
Ta hagu buhun ƙwayar roba, shinkafar da ba ta dahuwa,
ta dama buhun farin gari.
Ba gishiri ba, ba alabo ba,
amma ranar farko sai da na shinshina.

Injiniya Morenike ta ce, "Barau, akwai ruwa a cikinsa."
Na murza a yatsa, busasshe ƙamas.
Ta yi dariya. "Barci ruwan yake.
Sai wuta ta taɓa shi ya farka."

Ƙarfe biyun dare, janareta na gurnani.
Ta maƙale sillen roba a bakin ƙarfe,
ta shimfiɗa auduga a ƙasa,
ta kai masa shuɗin harshen wuta.
Daƙiƙa goma, ta janye.
Ni ke ƙirge.
Ɗaya, biyu, uku,
wutar ta yi tari ta mutu.
Sai baƙin ɓawo a gefe kamar ƙanzo,
auduga fara fat.

Wanda ba a sa wa garin ba kuwa,
kuka yake da hawayen wuta,
ɗis, ɗis, har auduga ta kama.

Na san wannan ɗigon.
Shagon yayana Tanimu a Idi-Araba,
an kawo wuta bayan kwana huɗu, gari na barci,
soket ɗaya mai araha
ya lashe keken ɗinki biyu da shaddar mutane.
Da safe almakashi muka tsinta,
mariƙinsa ya narke ya manne da siminti.
Yau kwandon tumatir Tanimu ke ɗauka a Ketu,
har yanzu yana biyan masu shadda.

Shi ya sa ba na awo da ido.
In gari ya yi yawa, roba ta yi gautsi,
in ya kasa, an yi wa wuta shimfiɗa.

Jiya wani mai oda ya zo da turare da gaggawa:
"Ku rage garin nan, tsada gare shi.
Fari dai fari ne, wa zai gani?"
Injiniya ba ta yi musu ba,
ashana ta miƙa masa da sille biyu.
Bai karɓa ba. Ya ce zai kira.

Ina sa takunkumi, duk da haka gemuna na furfura kafin asuba.
Sahura 'yata ta ce Baba ya tsufa a dare ɗaya.
Abin da garin ke yi wa ƙirji ban sani ba,
na tambaya, an ce kar dai in cire takunkumin.

Da sassafe a danfo ta Oshodi
ina kallon wayoyi sun sarƙe kamar saƙar gizo,
tagogi, labule, yara na neman takalmin makaranta.
Ban san bangon da soket ɗina yake ba.
Gobarar da ba ta tashi ba, ba ta da labari,
ba mai zuwa jaje, ba mai zuwa barka.

Kwandasta na neman canji.
Na karkaɗe hulata, gari ya tashi.