Ƙulli

Sati shida ina teku, can arewa da Tromsø,
inda ruwa yake baƙi ƙirin ko da tsakar rana,
in ma akwai ranar.
Na dawo da gemu, da ƙarnin kifi a wuyan riga.
Torunn ta leƙo ta bayan ƙafar uwarta,
ta dube ni irin kallon da ake wa mai gyaran famfo:
yaushe zai gama ya tafi?

Shekararta biyar.
Ƙaninta Sindre babu ruwansa,
shi duk wanda ya ɗaga shi sama, ubansa ne.

Washegari Ragnhild ta tafi aikinta na asibiti,
ta bar mu mu uku,
da iska mai watsa ƙanƙara a taga kamar tsakuwa.
Rana ta yi ƙaura tun ƙarshen Nuwamba,
sai Janairu, in ta ga dama.
Ƙarfe sha ɗaya na safe, fitila a kunne.

Na ce, to, mu gina jirgi.
Kujeru huɗu, da bargon kakarsu mai ƙuna a gefe,
sandar shara muka kafa a tsakiya.
Sindre ya kifa tukunya a kai, ya zama kyaftin,
yana ba da umarni da kalmomi ukun da ya iya.
Torunn tana can bakin tebur da fensir ɗin kala.
Ba ta ɗago ba ta ce,
"Ba haka Mama take yi ba."

Na soya fanke. Na farko ya ƙone,
na biyu ya bi sawun yayansa,
na'urar hayaƙi ta kama ihu a silin.
Na ji wata 'yar dariya, guntuwa,
kafin in waiwaya an haɗiye ta.

Sai hannuna ya ci karo da igiya a aljihu,
shuɗiya, kamu uku, ragowar aikin jirgi.
Ban kira kowa ba.
Na zauna a ƙasa ina yi wa Sindre,
wanda ba ya ko kallo:
ga rami,
kifi ya fito daga rami,
ya zagaya dutse,
ya ga duniya babu daɗi,
ya koma rami.
Ja.

Kujera ta motsa.
Safa mai ɗigo-ɗigo ta matso taku biyu, ta tsaya.
"Sake."
Na sake.
"A hankali."

Sau bakwai kifinta yana ɓata hanya.
Ta ciji harshe a gefen baki, ta haɗe gira,
na ga fuskata a madubin da ban saya ba.
Na takwas ya kama.
Ba ta yi murmushi ba, ta dai tusa igiyar a aljihunta.

Ban san lokacin da barci ya sace ni ba
a cikin jirgin bargo, Sindre a kan ƙirjina.
Waya ce ta tashe ni, tana ruri a kan firji.
Na san Eilif ne, na san zancen:
ranar tashi, ƙarfe nawa, wace gaɓa.
Na yunƙura,
ƙafata ta ƙi.

Shuɗiyar igiya daga idon sawuna zuwa ƙafar tebur.
Na duba ƙullin da idon ma'aikaci:
ramin daidai, dutsen daidai,
kifin ya koma gida.
Irin wanda ba ya zamewa ko teku ta yi hauka.

Da babban yatsa ɗaya nake kwance irinsa,
a cikin duhu, da safar hannu.
Na mai da kaina kan bargo.
Wayar ta yi kukanta ta gaji.

Da Ragnhild ta shigo tana kakkaɓe ƙanƙara daga hula,
ta dubi tukunya, ta dubi baƙin fanke,
ta dubi mijinta ɗaure kamar akuya.
Torunn tana zaune a kan tebur, tana kaɗa ƙafa.
Ta ce, "Ni na kama shi."