Fijo a Gindin Bedi

Tsakanin Tibiri da Maradi ta yi tari sau uku,
na huɗun bai fito ba.
Hayaƙi ya taso fari, irin na ɗanyen kara,
na sauka na tsaya riƙe da makulli
kamar mai gadin gidan da ya riga ya rushe.
Amalanke ya jawo ta gari.
Shanu biyu a gaban Fijo! Yaran Bagalam har da tafi.

Ilu Gajere ya buɗe cikinta a gindin bedi,
ya tsoma yatsa a baƙin mai, ya murza, ya shinshina.
"Malam, ruwa ya auri mai.
Kan injin ya tsage, fistan biyu sun kama.
Injin Kwatano jika ɗari huɗu da hamsin, ban da hannuna,
kuma ban rantse maka a kan akwatin giya ba."

Alka mai sayen ƙarfe bai ko leƙa ciki ba.
Ya ƙwanƙwasa ƙofa da zobensa, ya kasa kunne
kamar mai zaɓen tukunya.
"Jika ɗari da goma. Tayoyin ka riƙe, na bar maka."
Shekara ashirin da shida ya ɗora a sikeli,
allurar ko motsi ba ta yi ba.

Da dare na baje lissafi a bayan takardar kuɗin wuta.
Fanshona da sanda yake tafiya,
rufin ɗakin Laure na yoyo tun damanar bara,
kuɗin karatun Zali na jira a Yamai.
Laure na tsintar aya a faifai, ba ta ɗago ba:
"Rigar da ɗinki ya fi yadi yawa
tsumma ce, Malam, ko da ta Salla ce."

Na sani.
Amma ita ta yi jigilar buhunan aya
shekarar da albashin malaman lakwal ya yi ɓatan dabo.
Ita ta kai tsohuwata Madarunfa ta ga ruwa,
ta dawo da ita tana barci a kafaɗar Laure,
fitarta ta ƙarshe ke nan.
Ƙofar hagu sai da igiya, hon sai an roƙe shi,
amma ba ta taɓa kwanar da ni a daji ba.
Ko ran nan sai da ta hango gari ta durƙusa.

Akwai yaro a garejin Ilu, Ɗan Fijo ake ce masa.
A kujerar bayanta ya faɗo duniya
wani daren ruwa, gulbi ya cika, asibiti ya yi nisa.
Shi na ja gefe, don ina neman mai tsaya mata.
Ya daɗe yana goge hannu da tsumma,
hannun da ya riga ya goge.
"Baba, ka sa mata sabuwar zuciya, to ƙashin fa?
Jiya na kwanta a ƙarƙashinta,
inda na tura ƙarfe sai ya wuce.
Ta sauke ni lafiya, kai ma ta sauke ka.
Kada mu jira wanda ba za ta sauke ba."

Na ce wa Alka ya zo Juma'a, bayan kasuwa ta watse.
Ya zo, na ce Litinin.
Ran Litinin Ɗan Fijo ya kwance kujerar baya,
ya ɗauka a ka, ya kai wa uwarsa.
Ni ban fito ba. Daga ɗaki na ji sarƙa.

Laure ta kira mai kwano ya auna rufi.
A gindin bedin akwai baƙin tabo,
awaki na kwanciya a kai.
Makullin bai shiga cikin cinikin ba.
Da safe hannuna kan lalubo shi a aljihu,
sai in tuna,
in ɗaga wancan hannun, in tsai da kabu-kabu.