Gadon Kawu

A garin nan, in kawu ya kwanta dama
ɗan 'yar'uwarsa ke karɓar gonar koko.
Haka Asantawa ke gado.
Ni 'yar Aboabo ce, ba al'adarmu ba ce,
amma ga Sahabi ya gaji kawunsa tsaf.
Ba gona, ba kujera. Jini.

Ranar da wanzami ya zo
aska ta gama aikinta kafin a ƙifta ido,
sai jini ya ƙi jin magana.
Tsumma ɗaya, tsumma biyu, har zanen goyona.
Tanko wanzami, shekara talatin yana riƙe da aska,
ya tsaya duban hannunsa kamar na aro.
Inna ta ce, "Haka Ɗanjuma ya tafi,"
ta toshe baki da gefen mayafi.
Sai ranar na san abin da ya ci yayana,
ashe ba mayu ba ne.

A asibitin Komfo Anokye likita ya zana mini a bayan kati.
Jini, in ji shi, yana da maginansa,
in katanga ta tsage su taru su liƙe.
Na ɗanki, magini na takwas bai fito aiki ba.
Na ce, to ina ya tafi?
Ya yi murmushi. Ni ban yi ba.
Ya ce ta wajen uwa abin ke biyowa.
Na ɗauki maganar na goya ta tare da yaron
har tashar Kejetiya, ban san wanne ya fi nauyi ba.

Magini na takwas a kwalba yake zuwa,
'yar ƙarama, ba ta kai babban yatsana ba.
Wani watan akwai.
Wani watan Sista Akosuwa ta buɗe firij,
ba komai ciki sai haske,
ta dafa kafaɗata ta ce da Hausarta ta kasuwa,
"Maman Sahabi, jirgi bai zo ba tukun."

In an samu, a firijin Lantana mai ƙanƙara nake ajiya,
tsakanin ledojin ruwa da sobolo.
Daren da aka ɗauke wuta
unguwa na zagin zafi da sauro,
ni kuwa ina ƙirga awoyin da sanyi zai jure.

Hannun nan shinkafa da wake ya saba aunawa.
Akosuwa ta kama shi ta koya masa neman jijiya,
ta miƙa mini nata hannun, ta ce soka.
Sau uku ina kuskure, ba ta ko motsa ba.
Yau ina yi a tsakar gida, bayan asuba,
Sahabi na duban bango yana karanta Ƙulhuwallahu,
kafin ya kai ƙarshe na zare allura.

Shekararsa tara.
Ya taɓa satar jiki ya shiga ƙwallo a bayan makaranta,
gwiwa ta kwana kamar gwanda, da zafi kamar murhu,
kukansa bai bar ko kajin maƙwabta sun runtsa ba.
Ban dake shi ba. Ta ina zan fara?
Da ya warke na saya masa usur na sidi biyar.

Yanzu shi ne alƙalin wasa.
Daga bakin tukunyata nakan jiyo shi
yana korar ƙattin da suka girme shi daga fili,
ƙafa ɗaya na ɗan ja, murya ba ta ja.

Gobe Talata, ranar asibiti.
Zan tafi da Mardiyya, ƙanwarsa, a duba nata jinin.
Abin da Inna ta rufe da mayafi
ni da bakina zan faɗa mata,
a mota, kafin mu kai.